Jinkirin da aka ɗora wa ɗalibi, da wanda ya ɗora wa kansa

Ɗalibin jami'a a Zamfara yana fama da jinkiri iri biyu, amma yawancin masu yi masa nasiha ɗaya kawai suke gani. Akwai wanda aka ɗora masa: yajin aiki, sakamakon jarrabawa da ke yin wata da watanni bai fito ba, fotal da ke ƙin buɗewa ranar rajista, malamin da aka kai wa babi na ɗaya ya ce a dawo mako mai zuwa, hanyar garinsu da ba ta biyuwa idan rana ta karkata. Akwai kuma wanda ya ɗora wa kansa: jingar da aka bayar tun farkon zango ya bar ta sai daren miƙawa, handawut ɗin da ya kashe kuɗi ya yi fotokwafi ya tura ƙarƙashin katifa, da "bari in ɗan kishingiɗa" da ke farawa bayan azahar ta ƙare da kiran sallar isha'i. Abin da ya kamata a warware shi ne yadda na farkon ke haifar da na biyun, sannan ya ba shi wurin ɓuya. Wanda bai raba su ba, ko dai ya yi ta zagin yaro da lalaci alhali an zalunce shi, ko ya yi ta ba shi uzuri alhali yana cutar kansa.

Mu fara da abin da idon wannan ɗalibi ya gani. Wanda ya samu gurbi a 2019 da niyyar yin shekara huɗu, bai daɗe da shiga ba aka rufe makarantu saboda korona, ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU kuma ta shiga yajin aikin da ya ɗauki kusan wata tara, daga Maris zuwa Disambar 2020. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, har ta kai mutum sai ya fita daga jihar kafin ya yi kira ko ya buɗe intanet. Ran 14 ga Fabrairun 2022 aka sake tafiya yajin aiki, ba a dawo ba sai 14 ga Oktoba. Yaje-yajen nan biyu kaɗai sun kusa shekara ɗaya da rabi. Jami'ar Tarayya ta Gusau a 2013 aka kafa ta, to a duba kaso nawa na ɗan gajeren tarihinta ya faɗa cikin waɗannan shekaru na tsaya-a-tashi. Waɗanda suka sha wannan wahala su ne yayyen ɗaliban yau, su suka tarbe su a ɗakunan haya na Sabon Gida da Damba, su suka koya musu yadda ake zaman jami'a.

Darasin da aka gada daga wannan zamani shi ne cewa rana ba rana ba ce. An ce gwaji ran Litinin, Lahadi da dare wakilin aji ya saka a guruf ɗin WhatsApp cewa Dakta ya yi tafiya. An ce za a rufe rajista ran Juma'a, aka ƙara mako biyu, aka sake ƙarawa. Wanda ya matsa wa kansa ya gama da wuri bai ga ribar da ya ci ba, wanda ya yi sakaci bai ga hukuncin da ya hau kansa ba. Idan haka ta faru sau uku, sau huɗu, ɗalibi mai hankali ma zai fara lissafi da ɗagewa. Shi ya sa za ka ji ana cewa, "Mi kake gaggawa? Ai sai an fidda jadawali." Ba wauta ba ce tsagwaronta, abin da muhalli ya koya masa ne. Illar ita ce wannan caca ce da ake ci sau da yawa a faɗi sau ɗaya, kuma faɗuwar guda ɗaya ta fi duk cin da aka yi tsada. Jarrabawa dai za a yi ta. Kuma jami'ar da ta yi asarar watanni, idan ta tashi cike giɓi, zangon take matsewa: abin da a ƙa'ida ake koyarwa cikin kusan mako 15 sai a dunƙule shi a ƙasa da haka. Wato wurin da ya koya wa ɗalibi jira, shi ne kuma wurin da jira ya fi cutarwa.

Bari mu sa lissafi, domin ɗalibai da yawa ba sa yin sa sai sun kai aji uku, lokacin da gyara ya yi wuya. A galibin jami'o'inmu maki 100 na kowane kwas an raba shi biyu: 30 ko 40 na gwaje-gwaje da jinga a tsakiyar zango, sauran na jarrabawa. Ɗauki kwas mai 40 da 60. Ɗalibin da bai miƙa jinga ba, ya shiga gwaji ba shiri ya tashi da 8, ko ya cinye jarrabawar kaf 68 zai samu, A kuwa daga 70 take farawa. Ta kuɓuce masa tun bai zauna a ɗakin jarrabawa ba, kuma don ya tsira da 40 kawai, wato makin tsallake kwas, sai ya kawo 32 cikin 60. Yanzu ɗauki wanda ya yi rajistar yunit 20 a zango (yunit shi ne nauyin da aka ba kowane kwas), yana samun B a komai. B maki 4 ce a kan kowane yunit, jimilla 80, don haka matsakaicinsa 4.00. Idan kwas ɗaya mai yunit 3 ya kayar da shi, makinsa ya koma 68 a raba da 20, wato 3.40, ya sauko daga layin 2:1, wato babban mataki na digiri mai daraja ta biyu, da ke farawa daga 3.50. Ya sake ɗaukar kwas ɗin baɗi ya ci B, to a tsarin da aka fi bi faɗuwar farko ba ta gogewa, don haka 80 za a raba da 23, a samu 3.48. Ya biya bashin amma tabon na nan. Ga kariyoba, wato kwas ɗin da aka faɗi ake maimaitawa, kan ci karo da lakcar sabon aji, ta cinye gurbin wani kwas, wani lokaci ta ja mutum zuwa ƙarin shekara. Shekarun ma ba a sake suke ba: digirin shekara huɗu galibi ba a barin ya wuce shida, kuma wanda ya haura shekara 30 lokacin kammalawa takardar yafewa ake ba shi, ba ya zuwa bautar ƙasa.

To idan asarar ta kai haka, me ya sa mai hankali yake jinkiri? Amsar da aka saba bayarwa ita ce lalaci, ni kuwa ban yarda ta wadatar ba. Yaron da ya iya tashi da asuba ya yi huɗa a gonar mahaifinsa a Bungudu har rana ta take, ko yarinyar da ke girkin mutum goma sha biyar kullum, ba malalata ba ne. Masu nazarin halayyar ɗan Adam, irin su Fuschia Sirois da Timothy Pychyl a wani rubutu da suka fitar a 2013, sun nuna cewa jinkiri ya fi alaƙa da gudun ɓacin rai a kan rashin iya tsara lokaci. Aikin yana tayar da wani abu mara daɗi a zuciya, ko tsoro, ko gundura, ko jin cewa ba zan iya ba, sai mutum ya kauce masa ya samu sauƙi nan take. Sauƙin nan shi ne ladan da ke sa a sake gobe. Piers Steel na Jami'ar Calgary a Kanada, da ya tattara ɗaruruwan bincike a 2007, ya kawo ƙiyasin cewa kashi 80 zuwa 95 cikin 100 na ɗaliban jami'a suna jinkiri, ya kuma gano abubuwan da suka fi jawo shi: aikin ya zama abin ƙi, sakamakonsa ya yi nisa, mutum ya rasa yarda da iyawarsa, ko ya zama mai saurin bin abin da ya gifta.

Rashin yarda da kai ɗin nan shi ya fi damuna a kan yaranmu, kuma ba a cika faɗarsa a fili ba. Ɗalibi ya taso daga sakandaren gwamnati a Anka ko Shinkafi ko Gummi, inda wataƙila ya yi zango guda ba malamin Ingilishi, ya zo ya buɗe handawut mai shafi sittin da Turanci mai nauyi. Layi uku ya karanta bai fahimci ko ɗaya ba. Abin da ya ji a ƙirjinsa a wannan lokaci kunya ce, kuma kunyar tana ce masa kowa a ajin ya gane sai shi. Ba zai ɗaga hannu a lakca ba don kada a yi masa dariyar lafazi. Sai ya rufe takardar ya ce sai ya samu natsuwa. Duk wanda ya gan shi zaune a shagon mai shayi zai ce ba ya son karatu, alhali karatun ne ya tsorata shi. Irin wannan ko ka zana masa jadawalin awa ashirin da huɗu ba ka yi masa komai ba. Abin da yake bukata shi ne wani ya zauna da shi ya warware masa shafi biyu da Hausa, ya ga ashe abin yana shiga.

Waya ba ita ce tushen ciwon ba, amma ita ce ƙofar gudu mafi kusa. A da wanda zai guje wa littafi sai ya tashi ya fita neman abokan hira. Yanzu hannu kawai zai miƙa. Mafi muni, handawut ɗin ma a cikin wayar yake, a guruf ɗaya da saƙon gaisuwa da gardamar ƙwallo, don haka an shiga da niyyar karatu an ɓuge a TikTok. Akwai kuma jinkirin da ke sanye da rigar aiki, wanda ya fi wuyar kamawa: sake kwafe nos da kyakkyawan rubutu, wanki da guga ana gobe gwaji, zirga-zirgar ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukuma, tara littattafai a waya waɗanda ba za a taɓa buɗewa ba. Mutum ya wuni a gajiye, zuciyarsa ta ba shi shaidar ƙwazo, aikin da ya fi tsoro kuwa yana nan inda ya bar shi.

Sai kuma maganar nan da kowa ya taɓa ji: "Ni na fi ganewa idan jarrabawa ta matso." A 1997 Dianne Tice da Roy Baumeister sun bi diddigin ɗalibai a Amurka tsawon zango. Masu jinkiri sun fi kwanciyar hankali da lafiya a farkon zango, wannan gaskiya ne. Amma da ƙarshe ya zo sun fi kowa damuwa da rashin lafiya, kuma makinsu ya fi ƙasa. Abin da ɗalibi ke kira ganewa a daren jarrabawa, tsoro ne ya rinjayi kunya har ya iya zama. A nan Gusau kuma kwana zaune yana da wani farashi na daban. Ya dogara da wutar da ba ta da tabbas, da wayar da cajinta kan mutu ƙarfe biyun dare, da fita neman aji mai haske a wurin da dare ba abin wasa ba ne. Ba mu manta da Satumbar 2023 ba, lokacin da 'yan bindiga suka shiga gidajen hayar ɗalibai a Sabon Gida cikin dare suka tafi da 'yan mata. Ɗalibin da ya jingina duk karatunsa a kan dare biyar na ƙarshe ya ba da amanarsa ga abubuwan da ba ya iko da ko ɗaya daga cikinsu. Zazzaɓin cizon sauro na kwana uku kaɗai ya isa ya rushe shirin.

Inda jinkirin nan biyu suka fi haɗuwa su yi ɓarna shi ne kundin kammala digiri. Shi ne aiki na farko a rayuwar ɗalibi da ba wanda ke tsaye a kansa kullum, kuma ranar miƙa shi tana can nesa. Wani bincike da Roger Buehler da abokan aikinsa suka wallafa a 1994 ya tambayi ɗaliban ajin ƙarshe a Kanada kwana nawa suke ganin zai ɗauke su su gama kundinsu. A matsakaici sun ce kusan 34. Da aka ce to idan komai ya lalace fa, suka ce kusan 49. Abin da ya ɗauke su a zahiri ya haura 55. Waɗannan kuwa ba sa jiran wuta, ba sa lissafin kuɗin kabu-kabu zuwa makaranta. Namu ɗalibin yakan yi lissafi kamar shi kaɗai ne a hannun sufabaiza, alhali malamin yana da wasu da yawa, ga koyarwa, ga makin jarrabawa, ga taruka. Babin da aka kai masa a wata na biyu yakan samu karatu a tsanake da gyara mai amfani. Wanda aka kai ana saura mako uku, tare da na kowa, ko ya kwana a tebur ko a sa masa hannu ba a duba ba. Daga nan ne ake jin, "Malamin nan ne ya riƙe ni." Wani lokaci gaskiya ne, akwai malaman da ke wulaƙanta ɗalibai da jira, kuma zalunci ne. Amma sau da yawa idan ka bincika, malam ya riƙe babin mako uku, ɗalibi kuwa ya riƙe shi wata huɗu kafin ya kai. A wannan matsi ne kuma ake faɗawa sayen kundi a shagon buga takardu ko kwafo abin da ChatGPT ya rubuta ba a ko karanta ba, ranar kare kundi a kasa amsa tambayar farko.

Daga nan wata ƙa'ida ke fitowa wadda nake ganin ta fi duk dabarun tsara lokaci amfani a wurinmu: duk aikin da sai ya bi ta hannun wani, shi ake fara yi. Karanta babi na biyar a hannunka yake, ko yaushe ka zauna zai yiwu. Sa hannun jami'in rajista ba a hannunka yake ba. Tun da aka buɗe neman rancen karatu na NELFUND a Mayun 2024, ana bukatar lambar JAMB da NIN da BVN, kuma harafi ɗaya da ya bambanta a suna ko ranar haihuwa yana iya tsayar da komai, gyaransa kuwa ba aikin yini ɗaya ba ne. Haka wanda sunansa bai hau jerin ɗaliban da JAMB ta tabbatar ba, ba za a tura shi bautar ƙasa ba ko ya fita da sakamako mafi kyau a ajinsu. Dubawar ba ta cin minti goma a aji ɗaya, amma akwai masu gano matsalar sai abokansu sun tafi sansani. Sakamakon da ya ɓace ma haka: a bi shi a makon da aka manna, takardar amsa tana kusa, malam yana tune da ajin. A bar shi shekara biyu, sai labari. Tunda an san ofis yana da nawa, hankali shi ne a kai masa da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga sauran karatun, ban ga dalilin da zai sa mu je nesa neman tsari ba, domin kusan kowane ɗalibi a Zamfara ya taɓa zama a gaban malamin allo. A duba yadda abin yake. Ba a ce wa yaro je ka haddace Alƙur'ani. Ayoyi kaɗan ake rubuta masa, daidai ƙarfinsa. Lokacin karatu sananne ne, ba a jiran sai rai ya so. Ba a wanke allo sai an biya wa malam, wato akwai wanda zai saurara. Sannan ana komawa baya a yi tilawa don kada na jiya ya zube. Abubuwan nan huɗu su ne jami'a ta cire daga rayuwar ɗalibi rana ɗaya: ta ba shi aiki dunƙulalle, ta bar masa zaɓin lokaci, ba mai tambayarsa sai bayan wata uku. Maganin jinkiri shi ne ya mayar wa kansa da su.

Wajen lokaci, abin da ya fi aiki shi ne a ɗaura karatu a jikin abin da ba ya gusawa. Peter Gollwitzer ya gwada wannan da ɗalibai a Jamus: an ce su rubuta rahoto a lokacin hutun Kirsimeti, wasu aka sa su faɗi takamaiman lokaci da wurin da za su rubuta, wasu aka bar su da niyya kawai. Kusan uku cikin huɗu na rukunin farko sun yi a kan kari, na biyun kuwa kusan ɗaya cikin uku. "Zan yi karatu yau" niyya ce da ba ta da ƙafa. "Idan na sallame asuba zan zauna a kan tabarmar nan in yi tambayoyi biyar na kwas kaza kafin in taɓa waya" ita ce mai tafiya. Mu kuwa muna da turaku biyar a kowace rana waɗanda yajin aiki ba ya ɗage su. Na fi ba da ƙarfi ga bayan asuba, ba don falalarsa kaɗai ba, ko da yake Annabi (SAW) ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta. Daga Maris zuwa Mayu zafin Gusau kan kai digiri 40, ɗakin kwano da rana ba ya zaunuwa, don haka wanda ya ce sai bayan azahar ya zaɓi lokacin da jikinsa zai ƙi. Da sassafe akwai sanyi, akwai hasken da ba ya bukatar nepa, guruf kuma bai farka ba.

Kason ya zama ƙarami har ya zama abin kunya a ce an kasa. Ba "zan rubuta babi na biyu" ba, a'a, "zan karanta maƙala ɗaya in rubuta layi biyar a kan abin da ta ce." Nauyin yana bakin farawa ne, wanda ya yi minti goma galibi yakan zarce, wanda bai zarce ba ma ya rage wa aikin kwarjini. Sannan a samu wanda za a biya wa. Aboki ɗaya ko biyu, ba taron mutum goma da zai koma hira ba, a yi alkawarin ranar Laraba bayan la'asar kowa zai rufe takarda ya yi bayanin abin da ya karanta, da Hausa ma idan ta fi sauƙi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A gwajin da Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka yi a 2006, waɗanda suka karanta rubutu sau ɗaya suka yi ta ƙoƙarin tuno shi sun riƙe kusan kashi 61 bayan mako guda, waɗanda suka yi ta maimaita karantawa kuwa kusan kashi 40. Waya kuma, idan handawut a cikinta yake, a sauke shi a kashe data, ko a daure a buga shafukan da ake bukata a takarda.

Za a faɗi, wannan babu makawa. Za a yi mako guda ba a taɓa komai ba. Abin da ake yi bayan nan shi ne ke raba mutane. Wani bincike a Jami'ar Carleton a 2010 ya nuna ɗaliban da suka yafe wa kansu jinkirin da suka yi a jarrabawar farko sun rage jinkiri a ta biyu. Dalilin a fili yake: tunda ɓacin rai ake gudu, wanda ya cika kansa da zargi ya ƙara wa littafin ɗaci ne. Ba ana nufin a ce ba komai ba. A amsa an yi sakaci, a koma kan tabarma gobe da asuba, kamar yadda wanda ya makara sallah yake tashi ya rama ba ya ce shi ke nan ya daina. A kuma kiyayi fakewa da ƙaddara. Gobe ta Allah ce, haka ne, amma wanda ya tambayi Annabi ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, cewa aka yi ya ɗaure ta tukuna.

Akwai waɗanda wannan bayani duka bai kamata a jefe su da shi ba. Matar aure da ke zuwa lakca da goyo, ta koma ta ɗora tukunya, ba jinkiri take yi ba, lokacin ne babu, kuma maganinta yana hannun miji da dangi su ɗauke mata wani abu a makonnin jarrabawa. Haka wanda ke zaman POS ko ɗinki don ya biya kuɗin makaranta, musamman tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota da abinci suka tashi. Sai kuma wanda aka kai wa ƙauyensu hari, ko ake tara kuɗin fansar mahaifinsa, ya zauna da littafi a buɗe hankalinsa yana Zurmi ko Maru. Idan ɗalibi ya yi makonni ba ya barci, ba ya cin abinci, ya daina sha'awar komai har da abin da yake so a da, wannan ya wuce kasala, ciwo ne da ke bukatar likita, kuma abokan ɗakinsa ne za su fara gani. Su raka shi asibitin makaranta. Yawancin jami'o'i suna da hanyar jingine zango a hukumance saboda lalura, amma sai an rubuta an nema kafin jarrabawa. Wanda ya ɓace shiru, F za a jera masa.

Malamai da hukumomin jami'a kuma ba za su wanke hannu ba, tunda su ne suka fi iko da jinkiri na farko. Ba sai an jira gwamnati ta sasanta da ASUU har abada ba kafin a gyara abin da ke cikin sashe. Malamin da ya sa ranar gwaji ya cika ta, ko da ɗalibai sun yi ta "ranka shi daɗe a ƙara muna mako", ya koya musu abin da ya fi abin da ke cikin handawut ɗinsa. Sashen da ya raba kundi gida-gida, ya ce babi na ɗaya a wata kaza, na biyu a wata kaza, ya kuma ɗaure malamai su mayar da gyara cikin mako biyu, zai ga raguwar kundin saye. Laburare da 'yan azuzuwa su samu sola, domin a yi karatu da rana cikin fanka a daina dogaro da dare. Sannan a manna makin gwaji da jinga kafin a shiga jarrabawa, ba bayanta ba. Ɗalibin da ya ga 8 cikin 40 a gaban sunansa ana saura wata guda yana da sauran abin yi, ya nemi mai koya masa, ya rage yawo, ya ceci kwas ɗin ko da C ce.